Dagin da Ya Kai Ni Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. A majalisarmu ta ƙofar shago a tambaye ni, in na fito daga masallaci a tare ni: "Oga Habibu, yaya Nijar? Ka dai koya musu aikin ko?" Ni kuma in ce lafiya lau, in miƙa kilishi. To kilishin ya ƙare, tambayar ba ta ƙare ba. Sau biyu ina gwada ba da labarin da baki, amma da zarar na zo wurin da ya kamata in faɗa, sai in tsinci kaina ina zancen dogon burodinsu. Shi ya sa na ce bari in rubuta, takarda ba ta kallon idon mutum.

Ga wanda bai san ni ba, shekarata ashirin da biyu ina tsara shafi a kwamfuta a nan Fagge. Littafi, kalanda, katin biki, takardar kamfe, babu wanda bai bi ta hannuna ba. Rabin masu wannan sana'a a layinmu a gabana suka fara riƙe maus. Saboda haka idan na ce abu kaza ba ya yiwuwa a manhajar tsara shafi, ba mai sake dubawa. Ni ma kuwa ba na sake dubawa.

Kafin in hau mota dole in gaya muku zancen Emeka, don da shi na tafi a zuciyata ko da yake a lokacin ban yarda ba. Emeka haifaffen Sabon Gari ne, a nan mahaifinsa ya yi kasuwancin takarda har ya rasu, Hausarsa kuwa ta fi ta wasu 'yan layinmu daɗi. Yana da injin yanka sitika, irin wanda za ka kai masa zane a filas, wata 'yar ƙaramar wuƙa ta bi layin zanen ta yanke shi a jikin leda mai gam. Shekara goma sha biyar ina tura masa aiki, ya zo sunan 'ya'yana uku, na je jana'izar mahaifinsa. Wata takwas kafin tafiyata, wani Alhaji mai shago a Kasuwar Singa ya ce in zana masa dagi babba, a manna a gilashin ofishinsa da jikin motocinsa. Na zana a manhajar tsara shafi, don ita hannuna ya saba da ita. Da injin Emeka ya yanka aka zo ɓarewa, sai ledar ta riƙa yagewa, gefenta duk ya gantsare kamar ɓera ya kwana a kai.

A gaban Alhajin Emeka ya matso kusa da ni ya ce a hankali, "Oga Habibu, layinka ne ba a haɗe yake ba. Wuƙar sai ɗagawa take tana sauka."

Na buɗe zanen na ƙara masa girma, na ga layi sumul. Sai na ɗaga murya na ce, "Emeka, injinka ya tsufa. Kada ka shafa min kashin kaji a gaban mutane." Ban tsaya nan ba. Na zo majalisa na maimaita, na ƙara gishiri, na ce ai manhajar nan ba ta ma da wani umarnin haɗa layi, ni da na san kowane lungu nata. Kuka yarda da ni, aiki ya daina tsallakawa Sabon Gari. Muka daina gaisawa. Ana saura mako in tafi na ji cewa yana neman mai sayen injin, zai kwashe iyalinsa su koma garin surukansa a can kudu, garin da bai taɓa yin wata guda cur a cikinsa ba. Na ce Allah ya sa hakan ya fi alheri, na ci gaba da shirin tafiyata.

Wanda ya gayyace ni shi ne Alhaji Mamman, wani ɗan kasuwar yadi na Damagaram da ke zuwa sari Kano. Masu ɗinkin hannu na garinsu ne suke son a tara tsofaffin zanen aikin riga a littafi guda, sannan a yanka kowane zane a leda mai kauri don masu koyo su riƙa ɗorawa a kan yadi suna bi. Wata biyu ina zana su daga hotunan da ya turo min. Abin da ya rage in je in ƙarasa a can, a gaban masu abin.

Ranar Litinin da sassafe na isa tasha cikin shadda sabuwa fil, na kama kujerar gaba ni kaɗai, na ɗora jakar laftof a cinya na rungume. A bayana akwai wata Hajiya mai sarin kwanuka, 'yar Matamaye, wadda bakinta bai huta ba tun daga Kano. Ko Kazaure ba mu kai ba ta leƙo ta ce, "Alhaji, wannan jakar jinjiri ne a ciki?" Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba. Na dai gyara zama na shaida wa motar gaba ɗaya cewa an ɗauko ni ne takanas daga Kano in je in nuna wa mutanen Nijar yadda ake aikin kwamfuta. Har yanzu idan na tuna yadda na ja kalmar "takanas" sai in ji kamar in rufe fuska.

Bayan Kazaure taya ta fashe. Kowa ya fito ya kama, ni na koma gindin bishiya ina kare shaddata. Direba ya gaji da kallona ya ce, "Alhaji, ko notin nan ka riƙe mana." Noti huɗu ya zuba min a hannu. Da aka zo ɗaurawa uku na miƙa. Mutum bakwai muka duƙa muna tonon yashi a bakin titi, har da Hajiya da mayafinta, kusan rabin awa, kafin a gano shi a cikin aljihun rigata inda na jefa shi sa'ad da wayata ta yi ƙara. Babu wanda ya ce min komai, kuma wallahi da sun zage ni ya fi min sauƙi.

Muka wuce Daura muka isa Kongolam, bakin iyaka. A nan ake sauka a nuna katin shaida da katin rigakafi, a taka da ƙafa zuwa ɗaya ɓangaren. Na kwana uku ina haddar gaisuwar Faransanci a waya, don haka da na zo gaban jami'in nasu sai na ƙame na sakar masa ita. Ashe ta yamma na yi masa, ga rana ko tsaka ba ta yi ba. Mutumin ya dube ni, ya dubi katina, ya ce, "Malam Habibu, ina kwana? An zo lahiya?" Hausa tsantsa, har da tambayar mutanen gida. Hajiya da ke bayana a layi ta ce, yadda kowa zai ji, "Oh ni, mai koya musu kwamfuta ga shi gaisuwa ta gagare shi." Daga nan har Matamaye inda ta sauka ban ƙara buɗe baki ba. Da za ta sauka kuma ta miƙo min ƙullin gyaɗa ta ce in ci a hanya, abin ya ƙara kashe min jiki.

La'asar sakaliya muka shiga Damagaram. Abin da na fara lura da shi, babura ne ke ɗaukar fasinja, kabu-kabu suke ce musu. Mu da muka saba da a-daidaita-sahu, na manta yadda ake hawa da babbar riga, sai da mai babur ɗin ya tattare min ita ya cusa min a cinya kamar mai shirya yaro zuwa makaranta. Su ma suna da unguwar da ake kira Sabon Gari. Da mai babur ya ambaci sunan sai na tuna Emeka, na ce a raina har nan ma.

A gidan Alhaji Mamman da ke Zango aka sauke ni, ɗakin baƙi mai tsabta, da katifa da darduma. Na tarar da jarka babba cike da ruwa a bakin banɗaki. Na gaji, ga ƙurar hanya, sai na yi wanka irin na ɗan Fagge da ya samu famfo na zuba, na wanke singileti da safa, na ɗauraye takalmi, na juye sauran a ƙafata. Da na fito sai na ga matar gidan ta aiko a ɗauki jarkar, aka ɗaga aka ji ta wayam. Sai daga baya na gane cewa ruwa a garin abu ne da ake lallaɓawa, wannan jarkar ta alwalar gidan ce da wanke-wanke har washegari, kofi ake sa wa a ɗiba. Alhaji Mamman ya yi dariya ya ce, "Ba komi, Bakano ya yi wanka, gari ya yi albarka." Amma na ji muryar matarsa daga ciki tana aika a nemo mai ruwa, kuma ba dariya take ba.

Abinci kam ba ni da ƙorafi. Da safe dogon burodi ne mai ɓawo, wanda in ka gatsa sai ka ji shi har cikin kunne, da rana dambu da zogale da man gyaɗa, da yamma tuwon gero. Inda na sake yin ta shi ne wajen shayi. Mu a nan mai shayi ya haɗa maka kofi guda ka shanye ka tashi. Su kuwa a 'yar ƙaramar buta ake dafa shi kan gawayi, a zuba a ɗan kofin gilashi, kuma zagaye uku ne, na fari da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Na kurɓe na farko na yamutsa fuska, na ce alhamdulillahi, na miƙe ina karkaɗe riga. Alhaji Mamman ya jawo gefen rigata ya ce a hankali, "Zauna, Malam Habibu, ba a tashi a na hwari. Sai ka ce an yi maka laihi."

Washegari aka kai ni maɗaba'ar da za a yi aikin. Mai wurin mace ce, Madam Zuwaira, ba za ta wuce shekara arba'in ba, ga ƙaramin gilashi a ido, ba ta da yawan magana. Shagon bai kai rabin nawa ba, amma kowace waya a naɗe take, kowace takarda da mazauninta. A kusurwa ga injin yanka, ƙanin na Emeka sak, har launin. Masu ɗinki kusan goma sun zo kallo, a gabansu wani tsoho siriri da ake kira Baba Ilu, wanda aka ce yawancin zanen da ke cikin littafin daga hannunsa da na mahaifinsa suka fito.

Aka ba ni kujera a gaban kwamfutarta in rubuta sunan littafin. Na naɗe hannun riga, na ce musu ni ba na kallon kibod in ina rubutu. Na zuba yatsu ratatata, na ɗago kai. Abin da ke kan allo ko aljani ba zai karanta ba, ashe haruffan kibod ɗinsu ba a inda namu suke suke ba. Madam Zuwaira ta ce, "Ba komi, Mushe Habibu, kowa ya zo daga Najeriya sai ya yi haka." Mushe shi ne Malam a Faransancinsu. Na jawo laftof ɗina na ce dama da nawa na saba.

Sai aka zo gwajin yanka. A nan na ga wata al'ada da ban taɓa gani a Kano ba. Ita ba ta fara sa wuƙa. Sai ta cire wuƙar ta ɗaura biro a gurbinta, ta shimfiɗa farar takarda, injin ya fara zana abin tukuna kowa ya gani, kafin a taɓa leda. Ta ce leda daga nesa take zuwa, ba ta da ta ɓarnatarwa. Aka zaɓi dagin da ke bayan riga, wanda na fi alfahari da shi, aka tura.

Biro ya sauka ya ja ɗan layi, ya ɗaga. Ya tsallaka can gefe ya sauka, ya ja, ya ɗaga. Ya dawo baya. Ƙas, ƙas, ƙas, kamar kaza na tsattsagar tsaba. Zanen yana fitowa, amma duk inda biron ya ɗaga ya sake sauka sai ka ga ɗan ɗigon tawada. Baba Ilu ya matso da sandarsa ya sunkuya, leɓensa na motsi. Da injin ya tsaya ya ɗago ya ce, "Arba'in da ɗaya."

Alhaji Mamman ya ce, "Mi ke arba'in da ɗaya, Baba?"

"Ɗaga hannu. Wa ya koya ma wannan abu zane? Dagi ba a ɗaga mishi hannu. Inda ka faro nan za ka komo, da zare guda. Mu yaro in ya ɗaga hannu sau ɗaya, sai a mai da shi ƙasa ya yi ta yi da yatsa cikin rairayi har wata."

Kowa ya juyo yana kallona. Kun san abin da na ce? Na buɗe baki na ce, "Ai Baba, injin ne. Irin waɗannan injinan in sun tsufa..." Sai na tsaya. Na ji muryata da kunnena, kalma bayan kalma, irin wadda na yi a gaban Alhajin Singa. Na dubi Madam Zuwaira ina jiran ta kare injinta. Ta dube ni ta saman gilashi na ɗan lokaci, sannan ta dubi agogo ta ce, "Rana ta yi. A je a huta, da la'asar mu duba."

Wannan ma wata al'adarsu ce, da rana tsaka ake rufe wuraren aiki kowa ya tafi gida sai bayan azahar sosai. Mu a Fagge wanda ya rufe shago da rana sai a ce ko rasuwa aka yi. Mutane suka watse, ina haɗa jakata sai ta ce, "Mushe, ɗan tsaya." Ta bar ƙofar shagon a buɗe, ta jawo kujera nesa kaɗan da tawa, ta buɗe dagina a kwamfutarta. Ta ɗauki farar kibiyar nan da ake kama ɗigon layi da ita, ta kama wani ɗigo a tsakiyar layin da nake rantsuwa a haɗe yake, ta ja shi gefe. Rabin layin ya biyo ta, rabin ya tsaya inda yake. Baki biyu ne kwance a kan juna, kamar zare biyu da aka ajiye kai da kai ba a ƙulla ba. Komai girman da ka ƙara wa zanen ba za ka gani ba, sai ka ja.

Na ce, da sauran ƙarfin halina, "To ai manhajar ba ta da abin haɗa su. Na duba ko'ina."

Ta ce, "Cikin jerin da ke sama babu. Amma akwai."

Sai ta shiga wurin da ake ɗaura wa umarni maɓallin kibod don saurin aiki. Na san wurin, na sha wucewa ta kansa, ban taɓa zama na karanta shi ba don ina ganin na yara ne masu son burga. Ashe a nan aka jera duk wani umarni da manhajar ke da shi, har da waɗanda ba a sa su a kowane jeri na sama ba. Ta gangara ƙasa sosai, tana karanta Faransancin tana mayar min da Hausa. Wannan shi ke ƙulla bakin layi biyu su zama ɗaya. Wannan shi ke rufe layi ya koma inda ya faro. Wannan ya buɗe rufaffe. Wannan kuma ya juya wa layi alƙibla, don injin ya daina zuwa gaba yana dawowa baya. Ba su da maɓalli, sai kai ka ba su da kanka, in ba ka ba su ba suna nan kwance har abada. Ta kama bakin nan biyu, ta danna maɓallin da ta ɗaura wa na farkon, ta sake ja. Layin ya taho gaba ɗayansa.

"Wala, ga shi nan," in ji ta. "Duba naka, ina jin akwai."

Na buɗe laftof ɗina. Suna nan, da Turancin da nake karantawa sarai, su huɗu a jere. Shekara nawa suna zaune a cikin jakar da nake rungumewa. Na tambaye ta wa ya koya mata, ta ce babu, wata rana ce aka ɗauke wuta ba aiki, batirinta na da saura, ta zauna ta karanta jerin tun daga sama har ƙasa.

Ban je cin abinci ba. Na zauna na bi dagin gaɓa-gaɓa ina ƙullawa. Da la'asar mutane suka dawo, aka sa sabuwar takarda. Biro ya sauka, ya tafi, ya lanƙwasa, ya kewaya, ya ratsa, bai ɗaga ba sai da ya dawo daidai inda ya faro. Baba Ilu ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Yawwa! Bakano ya gyara injin!" Masu ɗinki suka hau sa min albarka, wani har da riƙe min hannu biyu. Madam Zuwaira tana tsaye tana naɗe takarda. Ni kuma, Allah ya yafe min, na yi murmushi na ce, "Ai ba komai." Na karɓi yabon nan na saka a aljihu na tafi da shi gida, tuwon ranar ko loma uku ban yi ba.

Da gari ya waye, bayan na idar da salla, na buɗe tsohon fayil ɗin Alhajin Singa. Na ɗauki farar kibiya na fara ja. Duk inda na taɓa sai ya rabe. Na ƙirga sittin da uku na daina ƙirgawa. Sau sittin da uku wuƙar Emeka ta ɗaga ta sauka saboda ni na ce mata ta yi haka, kuma mutumin ya gaya min gaskiya a hankali, a kunne, don kada Alhaji ya ji. Ni kuwa na kwance masa zani a kasuwa.

Kwana biyar na ƙara ina gyaran sauran zanen, littafin ya kammala, ledojin suka fito tsaf. Ranar da zan taho, a wajen shayi, na bari sai da aka kai zagaye na uku sannan na ce, "Baba Ilu, injin nan lafiyarsa ƙalau tun farko. Zanena ne a tsintsinke, Madam ce ta nuna min gyaran." Tsohon ya kurɓi shayinsa ya ce, "To, madalla da ka hwaɗa." Shi ke nan, aka ci gaba da hirar farashin zare. Na so a ce an ɗan yi min faɗa. Da na je sallama da Madam Zuwaira sai na samu kaina ina ba ta labarin Emeka tun daga farko. Ta saurara har na gama, ta cire gilashinta ta ce, "Wata takwas, Mushe?"

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. A kujerar baya na zauna, mu huɗu a matse, a bakin iyaka na yi gaisuwata da Hausa. Da muka iso Kano ban biya gida ba, na tari a-daidaita-sahu na ce Sabon Gari.

Na tarar da Emeka a shago yana ɗaure kwalaye da igiya. Rabin kantocin babu komai, injin an lulluɓe shi da tsohon zani. Na yi sallama, ya amsa bai ɗago ba. Na ajiye ƙullin kilishi a kan tebur, na buɗe laftof, na ja layin ya rabe a gabansa, na nuna masa umarnin nan huɗu, na ce, "Emeka, kai ne da gaskiya. Layina ne. Ka yafe min."

Ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya ce, "Oga Habibu, ni ka zo gaya wa? Ai ni na sani tun ranar."

Na ce zan je majalisa in faɗa, zan je Singa in faɗa wa Alhaji, aiki zai dawo, ya dakata da tafiyar.

Ya ce, "Ka faɗa, zan ji daɗi. Amma na riga na yi wa mutum alkawarin injin, jibi zai zo ɗauka. Yara ma an karɓi takardunsu daga makaranta." Sai kuma ya yaye zanin ya ce, "Kawo wanda ka gyara ɗin mu gani."

Ya sa ragowar wata baƙar leda, ya tura. Wuƙar ta sauka sau ɗaya ta tashi sau ɗaya. Ya sa farce ya ɓare, dagin ya taso gaba ɗaya, gefensa sumul. Ya ɗaga shi a haske yana juyawa, ya shafa kan injin da tafin hannu, ya ce, ba da ni yake ba, "Na san lafiyarka ƙalau."

Na je majalisa a ranar na faɗa a tsaitsaye cewa Emeka ne da gaskiya, ban kawo zancen Damagaram ba, waɗanda ke wurin suka ce ai ba komai, kowa na kuskure, aka koma zancen ƙwallo. Alhajin Singa ma sai da na tuna masa wane dagi nake nufi. Ranar da mai sayen ya zo na koma Sabon Gari, ni da Emeka muka ciccibi injin muka sa a bayan mota. Matarsa tana tsaye a ƙofa da jaka a hannu, matar da ta sha aiko min da abincin Kirsimeti har Fagge. Na gaishe ta. Ta ce, "Sannu, Malam," kamar yadda ake ce wa wanda ya zo tambayar hanya.